Salansar Bindiga: Ƙaryar Fim da Lafiyar Kunnen Maharbi

Da kaka ta wuce, aka kwashe amfanin gona, sai farauta ta kankama a dazuzzukan Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa. Tare da ita kuma sai wani zance ya taso a bakin samarin maharba, wai akwai wani bututu da ake ɗaura wa bakin bindiga, ka yi harbi ko na kusa da kai bai ji ba. Har wasu na neman mai walda ya haɗa musu. Wannan zance ya ishe ni, domin ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai iya cin hannun mutum.

Ita salansar bindiga akwai ta. Wani Ba'amurke, Hiram Percy Maxim, shi ya yi mata rajista a 1909, kuma ɗa ne ga wanda ya ƙera bindigar Maxim, irin wadda Turawan Ingila suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903. Aikinta irin na salansar babur ne: tana tare iskar da albarushi ya tayar, ta rarraba ta ɗaki-ɗaki ta huce kafin ta fita.

To amma wane ne ya taɓa ganin babur da ba ya ƙara? Harbin bindigar farauta yana kaiwa desibel 150 zuwa 170 a ma'aunin ƙara. Salansa mai kyau, ƙirar kamfani, abin da take ragewa bai wuce 20 zuwa 35 ba. Saura kusan 130 zuwa 140, alhali hirar mutum biyu ba ta wuce 60. Wannan ai ba shiru ba ne! Ga kuma wata ƙara da babu bututun da ke iya taɓa ta. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, harsashin babbar bindiga kuwa ya ninka haka, don haka yana tsaga iska da tasa ƙarar bayan ya bar bakin bindiga. Waccan 'yar "fit" da ake ji a finafinan Amurka da Indiya, a ɗakin tace sauti aka ɗora ta. Maharban Finlan da Norwe da Ingila da ke amfani da salansa bisa dokar ƙasarsu, don kunnensu da na karnukansu suke sa ta. Ba su taɓa cewa tana ɓoye harbi ba.

Su ma can ba kara-zube ake ɗaura ta ba. Akwai wadda ake murɗawa kai tsaye a bakin bindigar da kamfani ya yanka wa zare. Ba ta da nauyi, sai dai takan saki in an yi ta harbi. Akwai mai ƙugiya da ake cirewa da sauri, ta fi tsada da nauyi. Akwai mai rufo baya ta lulluɓe wani sashe na bututun bindigar don kada ta yi tsawo. Duk cikinsu sharaɗi ɗaya ne: ramin salansar ya yi daidai da hanyar harsashi. Ya kauce ko da ɗan kaɗan, harsashi ya daki ƙarfe, abin ya tarwatse a gaban fuskar mai harbi. To ina ga bindigar toka, wadda ta baki ake ɗura mata albarushi a daddanna da sanda? Ka liƙa mata bututun walda, ka haɗa wa kanka bam ne kawai.

Sai doka. Dokar bindigogi ta 1959 ta ba Kwamishinan 'Yan Sanda ikon hana riƙe ko da bindigar toka ba tare da lasisi ba, kuma ƙera bindiga ko gyara ta ba da izini ba laifi ne. A wannan zamani na 'yan fashin daji, wanda aka kama da bindiga mai baƙon bututu, wa zai tsaya jin cewa zabo ya fita nema?

In ƙarar ce ta dame ka, kana da gaskiya. Harbi ɗaya da ya haura desibel 140 ya isa ya kashe 'yan ƙwayoyin ji na can cikin kunne, kuma ba sa sake tofowa. Dubi tsofaffin maharba da 'yan bindigar da ke ɓarin wuta a Kangiwa ta Daura lokacin Sallar Gani: da yawansu sai sun karkato da kunne ɗaya, suna "Na'am? Me ka ce?" Maganin bai kai kuɗin albarushi ba. Sayi abin toshe kunne na soso, ka murza shi ya sirance, ka ja kunnen sama, ka tura, ka riƙe har ya kumbura ya cika ramin. Auduga ba ta wadatar ba. In ka samu na rufe kunne gaba ɗaya, haɗa su biyu. Kada ka yi harbi kusa da kan abokin farauta, kada ka cika albarushi don burge mutane, kuma a janye yara daga layin 'yan bindiga ranar hawa. Wanda kunnensa ya kwana yana ƙugi bayan harbi, ya je asibiti, kada ya ɗiga manja ko ruwan ganye. In abin ya yi tsanani, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Sarakunan baka da shugabannin mafarauta na masarautar Daura, ku ja kunnen yaranku. Masu walda kuma, duk wanda ya kawo muku wannan aiki, ku ce masa ba ku yi.