Daga kwanon dish na Kubwa zuwa falakin taurari: ƙarfin da ke riƙe da tauraron Najeriya

Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi rufin gidaje a Kubwa, daga Byazhin zuwa titin Gado Nasko, zai ga kwanukan dish jere, kowanne an kafe shi da noti yana fuskantar wuri guda a sama. Mai haɗa dish yakan saita shi sau ɗaya ya tafi, a shekara ba a taɓa shi ba, alhali tauraron ɗan'adam da yake ɗauko hoto daga gare shi yana gudun kusan kilomita 3 a kowace daƙiƙa. Abin da ya sa kwanon ba ya bin sawunsa shi ne ƙarfin janyowa, wanda ke sa duk abu mai nauyi ya ja ɗan'uwansa, kuma shi ne ke riƙe da duniya a kewayen rana.

An daɗe kafin a gane haka. A ƙarni na 2, Batlamus na Iskandariya ya tsara taswirar sama da duniya a tsakiya, rana da taurari suna zagaya ta. Masana falaki Musulmi sun yi ta gyara lissafinsa, cikinsu har da Ibn al-Shatir, mai kula da lokutan salla a Masallacin Umayya na Dimashƙu a ƙarni na 14. A 1543 Kofanikus ya mai da rana tsakiya. A 1609 Kepler ya nuna cewa hanyar da taurarin ke bi ba cikakkiyar da'ira ba ce, ta fi kama da ƙwai, a 1619 kuma ya gano cewa gwargwadon nisan tauraro da rana, gwargwadon daɗewarsa kafin ya kammala zagaye. Shi ya sa Mars ke ɗaukar kwana 687, Mushtari kuma kusan shekara 12.

Isaac Newton ne ya faɗi dalili a 1687. Tauraro yana faɗowa wajen rana kullum, amma gudun da yake yi ta gefe yana hana shi isa gare ta, sai faɗuwar ta zama zagaye. Ƙarfin yana raguwa da nisa: idan nisan ya ninka biyu, sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Lissafin ya yi daidai har a 1846 aka gano Neptune a kusan inda masanin lissafi Le Verrier ya ce a duba.

Wannan doka ce ke aiki a kewayen duniya. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, mai nisan kusan kilomita 400, tana zagaya duniya cikin kimanin minti 90. Wata, mai nisan kusan kilomita 384,000, yana ɗaukar kwana 27 da 'yan sa'o'i. Tsakanin biyun akwai nisan kilomita 35,786 saman layin da ya raba duniya biyu, inda zagayen tauraro ke daidai da juyawar duniya sau ɗaya. Abin da aka ajiye a nan, ga mai kallo daga ƙasa, kamar a tsaye yake. Can ne kwanukan dish ke kallo.

Yawancin taurarin da gidaje ke kamawa na kamfanonin waje ne, amma Najeriya ma tana da nata a wannan falaki. NigComSat-1, wanda aka harba daga Sin a watan Mayun 2007, ya daina aiki a Nuwambar 2008 saboda matsalar faifan samar da wuta daga hasken rana. Magajinsa, NigComSat-1R, ya tashi daga Xichang ranar 19 ga Disambar 2011, aka zaunar da shi a digiri 42.5 gabas, ana sarrafa shi daga Abuja. An ƙera shi ne don aikin shekara 15.

Wa'adin yana da nasaba da ƙarfin janyowar. Duniya ba ita kaɗai ke jan tauraron ba, rana da wata ma suna jansa, har sukan karkatar da hanyarsa ƙasa kaɗan da digiri ɗaya a shekara. Dole injiniyoyi su riƙa kunna ƙananan injunansa lokaci-lokaci don mai da shi mazauninsa, kowace kunnawa kuma tana cin man da aka harba shi da shi. Idan man ya kusa ƙarewa, akan tura tauraro sama da kusan kilomita 300 don ya ba wasu wuri, aikinsa ya ƙare ke nan.

A nan ne batun ya shafi ma'aikatan tarayya da ke tsara kasafi da duba takardun kwangila. Ƙera tauraron sadarwa da harba shi aikin shekaru ne: tsakanin mutuwar na farko da tashin na biyu sai da aka yi shekara uku. Mazaunin falaki da zangon sadarwa kuma Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ce ke daidaita su tsakanin ƙasashe, ƙasar da ta daɗe ba ta amfani da nata tana iya rasa shi. Saboda haka kuɗin magajin NigComSat-1R abu ne da ya kamata ya shiga kasafi, a kuma sake shi a kan lokaci, tun man tauraron bai ƙare ba.