Sabon ɗalibi daga Kudancin Kano: Kada kunyar tambaya ta cinye maka shekarar farko

Ranar da sunana ya fito a jerin waɗanda suka samu gurbin karatu a jami'a, gidanmu a Tudun Wada kamar ana suna. Maƙwabta suna ta shigowa yi wa Inna barka, Baba kuwa washegari ya fitar da buhunan shinkafa aka kai kasuwa don a haɗa mini kuɗin rajista. Na hau mota, muka biyo ta Kwanar Dangora muka miƙe titin Zariya zuwa Kano, ina ji a raina cewa wahala ta ƙare.

Sati biyu bayan nan aka sanya ranar taron wayar da kan sababbin ɗalibai, wanda muke kira oriyanteshan. Wani da ya girme mu a ɗaki ya ce mana surutu ne kawai za a yi, a raba ruwan leda a watse. Lokacin kaka ne, ana buƙatar hannu a gona, sai na ce bari in yi amfani da kwanakin in leƙa gida. Na tafi na yi kwana biyar.

Abin da ban sani ba shi ne, a wannan taron aka yi bayanin yadda ake cike fom ɗin kwasa-kwasai da ranar da za a rufe gyara. Ni kuwa a shagon kwamfuta aka cike mini, ban ko duba ba, na karɓa na ninke na sa a jaka. Ashe an tsallake kwas guda na dole. Na yi ta shiga lakcarsa, na rubuta tes, na zauna jarrabawa, da sakamako ya fito babu shi. Sai da na maimaita shi a aji biyu tare da ƙannena. Ba wanda ya cuce ni, ni na ƙi zuwa inda za a gaya mini, kuma na ji kunyar tambaya.

Shi ya sa nake rubuta wannan, musamman ga 'yan'uwana na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa da suka samu gurbi bana, ko a Jami'ar Bayero, ko a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, ko a Zariya, ko a Dutse.

Abin da ya sa abin ya fi shafar mu

Ɗan cikin birni yana da yaya ko maƙwabci da ya gama jami'a, kafin ya shiga an riga an zayyana masa komai. Mu kuwa da yawanmu mu ne na farko a gidanmu. Wanda ya taso daga Riruwai sai ya ratsa Dajin Falgore kafin ma ya iso Tudun Wada, ga kuɗin mota, ga shi babu mai son dare ya yi masa a hanya. Idan aka ce maka ka dawo gobe da wata takarda da ka baro a gida, wannan goben ta zama kwana biyu da kuɗin abincin sati.

Ga kuma Turanci. Mun yi makarantun gwamnati, mun ci jarrabawa da ƙoƙarinmu, amma sai ka ga mutum ya tsaya a ƙofar ofis ya kasa shiga don tsoron kada ya yi kuskure a yi masa dariya. Sai ya juya ya tambayi wani sabon ɗalibi irinsa, makaho ya ja makaho. Hausawa dai sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma jami'a ce wurin da na fi ganin gaskiyar wannan magana.

Takardu kafin komai

Abu na farko, ka tabbatar ka karɓi gurbinka a shafin CAPS na hukumar JAMB, kuma ka fitar da takardar shaidar gurbin. Ganin sunanka a allon makaranta kaɗai bai wadatar ba. Wanda sunansa ba ya cikin rajistar JAMB yana iya gama shekara huɗu cif, a zo tura sunaye bautar ƙasa a ce babu shi.

Na biyu, ka jera takardunka ka duba sunanka da ranar haihuwarka: na JAMB, na WAEC ko NECO, na NIN, da na banki. Mu a ƙauye an saba a rubuta Muhammad a nan, Mohammed a can, wani wurin a sa sunan gari a madadin sunan kaka. Wannan ɗan bambancin yana hana mutum tallafi, yana kuma jawo ciwon kai a ƙarshe. A aji ɗaya ake gyara shi cikin sauƙi.

Na uku, fom ɗin kwasa-kwasai. Kada ka bar mai shago ya zaɓa maka. Kowane aji yana da malamin da aka ɗora wa kula da shi, wanda muke cewa kodineta. Ka kai masa ya duba ya sa hannu, ka yi hoton takardar ka ajiye a waya, ka kuma tura wa kanka ta imel. Haka za ka yi da duk rasit ɗin da ka biya kuɗi. Waya tana ɓata, takarda tana jiƙewa.

Lissafin da ba a koya mana a sakandare ba

A mafi yawan jami'o'in Najeriya ana auna sakamako ne da maki biyar. Wanda ya ci 70 zuwa sama ya samu A, maki 5 ke nan. Daga 60 zuwa 69 B ne, maki 4. Daga 50 zuwa 59 C ne, maki 3. Haka ake sauka har zuwa F, wanda ba shi da ko ɗaya. Kowane kwas kuma yana da nauyinsa, wato yunit. Ana ninka makinka da yunit ɗin kwas, a tara duka, a raba da jimillar yunit ɗin da ka yi rajista. Abin da ya fito shi ne GPA na zangon, tarin na duk zangunan kuma shi ne CGPA. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, daraja ta biyu ta sama kuma daga 3.50.

Ga misali. Ka ɗauki kwas shida, kowanne yunit 3, jimilla 18. Ka ci B a biyar, ka faɗi ɗaya. Makinka 60, a raba da 18, ka tashi da 3.33. Da a ce wannan ɗayan C ka samu, makinka 69 ne, ka tashi da 3.83. Kwas guda tak ya raba ka da daraja ta biyu ta sama. Kuma sau da yawa kwas ɗin da ake faɗi shi ne wanda aka raina, irin kwasa-kwasan bai-ɗaya na Turanci da sanin ƙasa da kowa yake yi.

Ga wani lissafin da ya fi tayar da hankali. Idan karatunka na shekara huɗu ne, kuma yunit ɗin kowace shekara kusan ɗaya ne, wanda ya gama aji ɗaya da 2.00 sai ya riƙa samun 4.00 a kowace shekara cikin ukun da suka rage kafin ya kai 3.50. Wato B a kowane kwas, shekara uku a jere, babu tuntuɓe. Wallahi yana yiwuwa, na ga waɗanda suka yi, amma sun sha wuya. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Kada ka manta jarrabawar ƙarshen zango ba ita kaɗai ba ce. Akwai kaso 30 ko 40 da ake tarawa daga tes da aikin gida, gwargwadon tsarin makarantarku. Akwai kuma ƙa'idar halartar lakca kaso 75 cikin ɗari kafin a bar ka ka zauna jarrabawa. Mai tafiya gida duk ranar Alhamis ya dawo Talata, don biki ko don gona, ya san abin da yake saya wa kansa. Ka zauna da iyaye ka yi musu bayani cikin ladabi. Na gwada da Baba, ya ce da ma bai san haka abin yake ba, ya kuma hana ni zuwa sai hutu.

Abubuwan da ka riga ka biya kuɗinsu

Ka ɗauko rasit ɗinka ka karanta abin da aka jera a ciki. Za ka ga kuɗin laburare, kuɗin asibiti, kuɗin wasanni, kuɗin intanet da sauransu. Shinkafar Baba ce ta biya su, ba alfarma ake yi maka ba.

Laburare: ka yi rajista a satin farko. Ban da littattafai, akwai ɓangaren kwamfuta da ake samun mujallun bincike kyauta, akwai wuta da shiru, abubuwa biyu da ba ka samu a ɗaki. Ma'aikatan wurin aikinsu ke nan su nuna maka yadda ake neman littafi. Ka nemi tsofaffin takardun jarrabawa a sashenku don ka san salon tambayar kowane malami.

Asibitin makaranta: ka buɗe kati tun kana lafiya. Akwai tsarin inshorar lafiya na ɗaliban manyan makarantu mai suna TISHIP, wanda makarantu da dama suke cire kuɗinsa a cikin rajista. Zazzaɓi yakan kama mutum a tsakiyar jarrabawa. Idan ka kwanta a ɗaki ka sha maganin kemis, ba ka da shaida. Idan asibitin makaranta ya duba ka, kana da takardar da za ka kai sashenku.

Ofishin harkokin ɗalibai: nan ake maganar ɗakin kwana, rikici tsakanin ɗalibai, da ƙorafi. Akwai kuma sashen ba da shawara ga wanda damuwa ta yi masa yawa, ko ya ga kwas ɗin da aka ba shi ya fi ƙarfinsa. 'Yar'uwa, wannan ya shafe ki sosai. Idan wani ya matsa miki, malami ne ko ɗalibi, kada ki haɗiye ki yi shiru. Ki adana saƙonnin, ki gaya wa wata babba da kika yarda da ita, ki kai inda ya dace. Littafin dokokin ɗalibai da ake rabawa ya faɗi hanyar da ake bi.

Wannan littafin ka karanta shi tas. A ciki za ka ga hukuncin satar jarrabawa, wanda yakan kai ga kora. Ko waya ka manta a aljihu ka shiga da ita, ba za a saurari rantsuwarka ba.

Maganar kuɗi

A watan Afrilun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar bashin karatu, kuma a ranar 24 ga Mayu na shekarar asusun NELFUND ya buɗe shafinsa ga ɗalibai. Bashin ba shi da ruwa. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye zuwa asusun makarantar, wanda ya nemi kuɗin kashewa kuma ana ba shi naira dubu 20 a wata. Ana fara biya ne shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Za a nemi lambar JAMB da NIN da BVN da lambarka ta ɗalibi, ka ga dalilin da ya sa na ce ka daidaita sunanka. Amma bashi ne, ka yi shawara da iyaye kafin ka cike.

Akwai kuma Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jihar Kano, don haka ka tanadi takardar shaidar ƙaramar hukumarka tun daga gida. Ka shiga ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarku da ta jiha, NAKSS, domin a nan ake fara jin labarin tallafi. Sai dai ka kiyaye: duk wanda ya turo maka mahaɗi a WhatsApp ya ce ka biya wani abu ko ka ba shi lambar sirrin katinka don a sa ka a jerin tallafi, ɗan damfara ne. Ka tabbatar da kowane labari a shafin hukumar ko a allon sanarwa.

Waya da abokai

Tunda a waya kake karanta wannan, bari mu faɗa wa juna gaskiya. Zauren WhatsApp na ajinku yana da amfani, a nan ake sanar da sauyin ɗakin lakca da ranar tes. Amma ba duk abin da aka tura ne gaskiya ba. Na taɓa ganin an yaɗa cewa an ɗage tes, rabin aji suka yi kwanciyarsu, malam ya shigo ya raba takarda. Ka tambayi wakilin aji, in abin babba ne ka je ofis da ƙafarka. TikTok da Facebook kuwa ba inda za su, datar da kake ƙonawa a kansu ta isa ka sauke darussa da yawa a YouTube.

Ka nemi mutum uku ko huɗu masu son karatu ku riƙa bita tare. Ƙungiyoyin ɗalibai irin su MSSN da na sassa sukan shirya darussan bita kyauta, ka riƙa zuwa. Kada kuma ka tsaya a cikin 'yan garinku kaɗai. Ka yi abota da wanda ba ya jin Hausa, dole ku yi Turanci, a haka baki yake buɗewa. Ni a sashen koyon aikin jarida nake, ranar da aka fara miƙa mini makirfo muryata rawa take yi. Yanzu ni nake yi wa 'yan aji ɗaya bita.

Duk lauyan da ya yi makarantar horar da lauyoyi a Kano, Bagauda ya zo, a ƙasar Bebeji. Daga ko'ina a Najeriya ake zuwa yankinmu neman ilimi, don haka babu dalilin da zai sa mu shiga jami'a muna raɓe-raɓe kamar mun zo cin arziki.

Idan an sanya ranar oriyanteshan, ka je da wuri, ka zauna a gaba, ka riƙe biro da littafi. Ka rubuta sunan kodinetanku da lambar ofishinsa, ranar rufe rajista, da inda asibiti da laburare suke. In ba ka gane abu ba ka ɗaga hannu, akwai mutum hamsin a bayanka da suke jiran wani ya yi tambayar. Idan kuma an riga an yi taron ba ka je ba, gobe da safe ka ɗauki fom ɗinka ka nufi sashenku, ka yi sallama ka ce: Malam, ni sabon ɗalibi ne, don Allah a duba mini. Wanda yake da ƙani ko ƙanwa da suka samu gurbi bana, ya tura musu wannan. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya saka wa iyayenmu da alheri.