Abin da ya sa fitilar tsohuwar mota mai ɗaki ke ɗaukewa tana dawowa

Tsakanin 1973 da 1978, kamfanin General Motors na Amurka ya ƙera GMC Motorhome, motar da ke da gado da wurin girki da banɗaki a cikinta. Har yau akwai masu yawo da ita, kuma cikin matsalolin da ke ba su tsoro akwai ɗaukewar fitilun gaba ana tsakiyar tafiyar dare, sai bayan 'yan daƙiƙu su dawo da kansu.

Sau da yawa ba laifin ƙwan fitila ba ne. A cikin makunnin fitilar irin waɗannan motoci akwai wani ɗan ƙarfe da ke yanke wuta idan ya yi zafi, ya mayar da ita idan ya huce. Tsatsa a mahaɗar wayoyi, ko sa ƙwan da ya fi na asali jan wuta, su ke haifar da zafin.

Shi ya sa masu gyara ke fara duba makunnin, sannan maɓallin dogon haske da ake takawa da ƙafa, wanda laima ke ci, sai wayar da ke ɗaure a jikin mota. Da yawa kan sa rile, domin wuta ta tafi daga batir zuwa fitila ba tare da ta bi ta makunni ba.

Babban kuskure shi ne haɗa waya kai tsaye a tsallake ƙarfen nan. Fitila za ta daina ɗaukewa, amma wayar na iya kamawa da wuta.