Daga Ɗakin Shan Magani Zuwa Cikin Kumbo: Nazari a Kan Aikin Likita Mae Jemison

Gabatarwa

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Hausa ya san ciwon idon nan da ake kira Afolo. Ciwon ya fara ɓulla ne a ƙasar Gana cikin 1969, watau shekarar da kumbon Amurkawa mai suna Apollo 11 ya kai mutane kan wata, kumbon da har marigayi Alhaji Mamman Shata ya yi wa waƙa. Da yake abubuwan biyu sun zo lokaci guda, sai jama'a suka ɗauka 'yan sama jannati ne suka tsokano cutar, suka laƙaba mata sunan kumbon. Daga baya likitoci sun tabbatar cewa ƙwayar cuta ce ta nan duniya, amma suna ya riga ya bi ta.

Wannan suna yana nuna ra'ayin da yawancinmu muke da shi, watau tafiya sararin samaniya wasan masu kuɗi ne, ba ta da abin da za ta tsinana wa talaka. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce a sake duban ra'ayin nan ta hanyar bin tarihin aikin wata likita, Mae Jemison, wadda ta duba marasa lafiya a Afirka ta Yamma kafin ta shiga kumbo. Abin da nake son in nuna shi ne, matsalar likitan cikin kumbo da ta malamin asibitin ƙauye, irin na ƙasarmu ta Kunci, ɗanjuma ne da ɗanjummai.

Wane ne likitan iyali?

Likitoci kashi biyu ne. Akwai wanda ya ƙware a fanni guda, kamar ido ko zuciya ko fiɗa. Akwai kuma wanda ba ya zaɓen mara lafiya: jariri da tsoho, mai ciki da mai karaya, duk wanda ya shigo nasa ne. Wannan na biyu shi ake kira likitan iyali. Babban makaminsa shi ne tambaya da lura da taɓa jiki, sa'an nan ya san iyakarsa, watau ya gane ciwon da zai iya yi wa magani da wanda ya kamata ya tura gaba ba tare da ɓata lokaci ba.

Karatunta da aikinta a Saliyo

An haifi Mae Jemison ran 17 ga Oktoba, 1956, a jihar Alabama ta Amurka, ta kuma tashi a birnin Shikago. Baƙar fata ce, jikar bayin da aka kwasa daga Afirka. Ta shiga Jami'ar Stanford tana da shekara 16, ta sami digiri a kan injiniyancin sinadarai cikin 1977, sa'an nan ta gama karatun likita a Jami'ar Cornell cikin 1981. Tun tana ɗaliba ta yi aiki a Kenya da kuma wani sansanin 'yan gudun hijira a ƙasar Tailan. Bayan ta yi ɗan aiki a Los Anjalas, sai ta shiga ƙungiyar sa-kai ta Amurka mai suna Peace Corps, aka turo ta Saliyo da Laberiya daga 1983 zuwa 1985 don ta kula da lafiyar ma'aikatan ƙungiyar.

Ba ta daɗe da sauka Saliyo ba sai wani ma'aikaci ya kwanta da zazzaɓi. Aka ɗauka cizon sauro ne, aka ba shi kulorakwin, amma jiki sai ƙara tsanani yake yi. Da ta dube shi sai ta gane sanƙarau ne. Ga shi an ɗauke wuta a asibitin, da tocila ta riƙa laluben magani. Ta ga in ya ci gaba da kwanciya a nan ba zai kai labari ba, sai ta ba da umarni a kira jirgin saman soja ya kai shi Jamus, abin da zai ci dala dubu 80. Manyan ofishin jakadanci suka yi tababar ko yarinya 'yar shekara 26 tana da ikon yanke wannan hukunci, ita kuwa ta tsaya kai da fata cewa maganar rai ce, kuma maganar rai ta likita ce. Ta raka shi har can, ta yi awa 56 ba ta runtsa ba. Da ikon Allah mutumin ya tashi.

To, mai karatu ya lura da abin da ya ceci wannan bawan Allah. Ba wata na'ura ba ce. Ido ne da ya bambanta sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro, da kuma zuciyar da ta yanke shawara a kan kari.

Abin da ke samun jiki a cikin kumbo

Cikin 1987 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, watau NASA, ta zaɓe ta cikin mutum 15 daga masu nema wajen dubu biyu. Ran 12 ga Satumba, 1992, ta tashi a kumbon Endeavour tare da mutum shida, cikinsu har da wani Bajapane, Mamoru Mohri. Sun yi kusan kwana takwas, sun kewaya duniya fiye da sau 120. Ita ce baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya.

Kafin a fahimci bincikenta, sai an san dalilin da ya sa abu ba ya da nauyi a can. Mu ɗauki guga cike da ruwa, igiyarsa ta kuɓuce a bakin rijiya. Muddin yana faɗawa, ruwan ba ya danna gindin gugan, domin tare suke faɗawa. Haka kumbo yake: shi da abin da ke cikinsa faɗowa suke yi kullum, sai dai tsananin gudunsa ya sa suna kewaya duniya maimakon su doki ƙasa.

Jikin ɗan Adam kuwa an gina shi ne a kan ɗaukar nauyi. In nauyi ya kau, jini da ruwan jiki sukan taru a ƙirji da ka, fuska ta kumbura, hanci ya toshe, ƙafafu su motse. Gaɓar cikin kunne mai gaya wa mutum ina ne sama ina ne ƙasa takan rikice, don haka fiye da rabin 'yan sama jannati sukan yi fama da jiri da tashin zuciya a kwanakin farko. Tsoka takan saki. Ƙasusuwan ƙugu da cinya sukan zube da misalin kashi ɗaya cikin ɗari a kowane wata, shi ya sa masu daɗewa a can suke motsa jiki wajen awa biyu kullum.

A kan irin waɗannan matsaloli Jemison ta yi aiki. Ta yi gwaji a kan ƙwayoyin halittar ƙashi don a gane yadda zubewar take faruwa. Ta jarraba wata hanyar danne tashin zuciya ta sarrafa numfashi da natsar da jiki, ba tare da shan ƙwaya ba. Ta sa kwaɗi sun saki ƙwai, ta haɗa su da maniyyin namiji, suka ƙyanƙyashe talibambam, abin da ya nuna halitta tana iya somawa inda babu nauyi. Amma gwajin da ya fi jan hankalina shi ne na ƙarin ruwa. Ledar ruwa tana da nauyi, ga cin wuri, ga lalacewa, saboda haka ta gwada na'urar da ke tace ruwa ta tsarkake shi, a haɗa shi da gishiri a nan take, ya zama ruwan da za a iya ɗaura wa mara lafiya. Duk wanda ya taɓa ganin mai amai da gudawa a ƙauye cikin damina, ana faɗi-tashin neman ledar ruwa, ba sai an gaya masa amfanin wannan tunani ba.

Ta bar NASA cikin 1993, ta koma koyarwa, ta kuma kafa kamfanin da ya mai da hankali ga amfani da fasaha wajen kyautata rayuwa, har da amfani da tauraron ɗan Adam don inganta kiwon lafiya a Afirka ta Yamma.

Ba ita kaɗai ce ta bi wannan turba ba. David Saint-Jacques na Kanada likitan iyali ne a wani ƙauye mai suna Puvirnituq, can arewa cikin ƙanƙara, inda sai da jirgin sama ake zuwa. Ya yi kwana 204 a tashar sararin samaniya daga Disamba 2018 zuwa Yuni 2019, ya kuma gwada wata 'yar na'ura mai auna jini daga ɗigo kaɗan, ba sai an aika da shi ɗakin gwaji ba.

Darasi ga karkararmu

Tashar nan tana shawagi ne a nisan kilomita 400 daga doron ƙasa, bai ma kai nisan Kano zuwa Sakkwato ba. Ashe nisa a wurin mara lafiya ba yawan kilomita ba ne, tsawon lokacin da zai ɗauka ne kafin ya kai ga taimako. A ƙauyukan Kunci, in yaro ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai cikin zafin bazara, kafin a sami abin hawa zuwa Bici, balle a dangana da Kano, yini ya tafi. Dattawanmu ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kashe fiye da mutum dubu goma a Nijeriya, akasari a Arewa. Wanda zai fara ganin yaron nan, ya taɓa wuyansa ya ji ko ya sandare, shi ne malamin asibitin ƙauye, kuma hukuncin da ke gabansa shi ne wanda ya fuskanci Jemison a Saliyo: a ba da magani a jira, ko a ɗauka a tafi yanzu?

Wannan ne ruhin taron Alma-Ata na 1978 a kan kiwon lafiya matakin farko, wanda Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yi ƙoƙarin kafawa lokacin da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. An sami ci gaba, domin yanzu akwai gwajin zazzaɓin cizon sauro na ɗigon jini mai ba da sakamako cikin kwata ɗaya ko minti ashirin, kuma cikin 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta soma amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kare nau'i biyar na sanƙarau. Amma kayan aiki ba ya aiki da kansa.

Kammalawa

Mu ɗaliban Hausa muna da namu kason a nan. Bahaushen da ya dubi jirgin Amurkawa ya ga ya yi kama da kumbon zuba abinci ya raɗa masa suna, ba zai kasa samar da kalmomin kimiyyar lafiya ba. Uwar da aka bayyana wa alamomin sanƙarau da harshenta, ita za ta kawo ɗanta da wuri, tun ana iya yin wani abu. Fassara da ƙirƙirar irin waɗannan kalmomi aiki ne da ke jiranmu, kuma ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai mu ba shi muhimmancin da muke bai wa nazarin waƙa da nahawu.