Wa Zai Rubuta Sunayen Gwanayen Kokawar Zuru?

Duk wanda ya taɓa halartar bikin Uhola a ƙasar Zuru ya san cewa, bayan raye-raye da waƙoƙi, babu abin da ke tara jama'a kamar kokawa. Sa'ad da amfanin gona ya shiga rumbu, samarin Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, sukan fito fili su gwada ƙarfi a gaban iyaye da 'yan mata. Saurayin da zai shiga golmo, watau noman shekara bakwai a gonar surukinsa, yana so a san shi da ƙarfi tun daga fagen kokawa.

Amma masu karatu, bari mu yi wa kanmu tambaya. Wa ya kā da kowa a Dabai ko Ribah shekara ashirin da suka wuce? Sau nawa ya yi kaye, sau nawa aka kā da shi? In aka tambayi dattawa uku, ba wuya a sami amsa uku.

Mu dubi yadda waɗansu ke yi. A Amurka akwai wani wasan ƙwallo da ake yi da hannu, mutum goma sha ɗaya a kowane gefe. Madugun masu kai hari shi ake kira kwatabak. Shi ke karɓar ƙwallo, ya duba fili, ya jefa wa ɗan'uwansa kafin abokan gāba su danne shi. Duk jifan da ya yi, akwai mai rubutawa.

Saboda haka ba a gardama a kan Tom Brady. A shekarar 2000, da ƙungiyoyi ke zaɓen sababbin 'yan wasa, sai da aka ɗauki mutum 198 kafin a kai kansa. Ya yi kaka 23 yana wasa, ya ci wasanni 251 na kakar yau da kullum, ya yi jifa 649 da suka kai ga ci, ya kuma jefa ƙwallo nisan yadi 89,214. Ya je wasan ƙarshe na Super Bowl sau 10, ya ɗauki kofi sau 7: shida tare da New England, ɗaya tare da Tampa Bay a 2021. Ya yi ritaya a 2023 yana da shekara 45. Kafinsa, Terry Bradshaw da Joe Montana kofi huɗu huɗu suka ɗauka.

To, amfanin rubutu bai tsaya ga mai kofi kaɗai ba. Dan Marino ya yi wa Miami wasa daga 1983 zuwa 1999, bai taɓa ɗaukar kofin ba ko sau ɗaya. Duk da haka littafi ya nuna cewa a 1984 ya jefa yadi 5,084, shi ne na fari da ya wuce 5,000 a kaka guda, ba a kuwa karya wannan ba sai 2011. A 2005 aka sa sunansa a zauren tunawa da gwanaye da ke garin Canton. Da a bakin mutane kawai aka bar labarinsa, da yanzu an ce ai bai ci kome ba.

Kada wani ya ce wannan sai Turawa. Jihar Doso ta Jamhuriyar Nijar tana iyaka da Jihar Kebbi. Tun 1975 Nijar ta soma gasar kokawa ta ƙasa, wadda ake ba zakaranta takobi. An yi ta fari a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Jihohi takwas kan turo 'yan kokawa goma goma, ana kuwa rubuta wanda ya yi nasara kowace shekara. Shi ya sa da Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023, ko yaro ya san ya kafa tarihi.

Ba muna cewa kakanninmu ba su da hanyar tunawa da gwanayensu ba ne. Matan Lelna sukan gina siffofi na yumɓu a ɗora bisa kaburburan manyan mutane, domin mai wucewa ya san ba ƙaramin mutum ke kwance a wurin ba. A ƙasar Hausa kuma waƙa ce ke riƙe suna. Da ba domin Ɗan Anace ba, mutum nawa za su san Shago ɗan dambe a yau? Sai dai yumɓu yakan fashe, mawaƙi kuma ba kowa yake yi wa waƙa ba. Wanda bai sami makaɗi ba, sunansa kan bi shi kabari.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Littafin rubutu ɗaya da biro sun isa. Kowane gari da ke yin Uhola ya naɗa malamin makaranta guda ya zauna a bakin fage, ya rubuta sunan ɗan kokawa, da unguwarsu, da wanda ya kara da shi, da yadda aka tashi, da kwanan wata. A ajiye kwafi a fadar hakimi, a kai wani fadar Mai Martaba Sarkin Zuru. 'Yan makaranta masu wayar hannu su je wurin tsofaffin 'yan kokawa da suka rage, su ɗauki muryarsu tun suna da rai, gama kowane dattijo da muka binne yakan tafi da sunaye da yawa.

Saurayin da ya san za a rubuta sunansa zai ƙara himma, jikansa kuma zai sami abin nunawa. Uhola mai zuwa ba ta da nisa. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.