Yadda Sabon Tsarin Gasar Zakarun Turai Ya Kasance a Kakar 2024/25

A wannan kaka hukumar UEFA ta soke tsarin rukuni-rukuni, ta zuba ƙungiyoyi 36 a teburi guda, kowacce ta buga wasa takwas da abokan hamayya daban-daban. Takwas na sama suka wuce kai tsaye zuwa zagayen 'yan 16, masu matsayi na 9 zuwa na 24 suka yi karawar cike gurbi, sauran 12 aka sallame su.

Hawa saman teburin bai tsinana wa Liverpool komai ba, domin PSG, wadda ta ƙare ta 15, ta fitar da ita a bugun fenareti. Ranar 31 ga Mayu, 2025, a birnin Munich, PSG ta lallasa Inter Milan da ci 5-0, ta ɗauki kofin karon farko a tarihinta.