Haɗa Kwamfutar Wasa Mai Allo Uku: Abin Da Ya Kamata Mai Saye Ya Sani

Daga Wakilinmu

A 'yan shekarun nan wata sabuwar sha'awa ta shiga zukatan samarinmu na birane, watau haɗa kwamfutar wasa da hannu. Maimakon yaro ya sayi wadda kamfani ya riga ya haɗa, sai ya bi kasuwa yana tsintar kayan ɗaya bayan ɗaya, kana ya kai wa mai gyara a harhaɗa masa. Waɗanda abin ya fi shiga ransu kuwa ba su tsaya ga allo ɗaya ba, sai sun jera uku a kan tebur, ɗaya a tsakiya, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, domin in suna tuƙa mota ko jirgin sama a cikin wasa su riƙa ganin gefe da gefe kamar suna zaune a gaban sitiyari.

Sha'awa ce mai kyau, tana kuma koya wa yara sanin na'ura. Sai dai tana cin kuɗi ƙwarai, domin dukan kayan daga ƙasashen waje ake shigo da su, kuma tun da gwamnati ta saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan Yuni na 2023 farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Saboda haka kuskure ɗaya a wurin saye yana iya cinye tarin shekara guda.

Wani ƙanena ya shekara yana tara abin da yake samu wajen gyaran wayoyi. Ranar da kuɗin suka taru sai ya fara da abin da ido ke gani, watau alluna uku manya da akwati mai gilashi da fitilu masu launi iri iri. Ɗan abin da ya rage ya sayi tsohon katin hoto da shi. Da aka kunna, sai motar wasan ta riƙa tafiya tana turjewa kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da ƙima. Yanzu a kan allo ɗaya yake wasa, sauran biyun suna jingine a lulluɓe da zane. Abin da ya same shi ne ya sa na ga ya kamata a yi wa jama'a bayani, musamman iyaye da yayye waɗanda sau da yawa su ne ke cika kuɗin.

A FARA DA LISSAFIN ALLO

Duk hoton da mai karatu ke gani a kan allon kwamfuta, ƙananan ɗige-ɗige ne aka jera, waɗanda ake kira fiksel. Allon da aka fi samu a kasuwa yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, jimilla 2,073,600. In aka jera irinsa guda uku aka shimfiɗa wasa a kansu, faɗin ya zama 5760, jimillar ɗigo kuwa ta kai 6,220,800.

To, hoto mai motsi ba sau ɗaya ake zana shi ba. Domin motsi ya tafi sumul, tilas na'ura ta sake zana hoton a ƙalla sau 60 cikin daƙiƙa ɗaya. A kan alluna uku wannan ya zarce ɗigo miliyan 373 a kowace daƙiƙa. Wanda ya sayi alluna masu sauri, masu sabunta hoto sau 144, yana neman na'urarsa ta zana kusan ɗigo miliyan 896 ke nan in yana so ya ci moriyarsu.

Akwai kuma allo mai ɗigo 2560 da 1440, wanda hotonsa ya fi kyau. Uku daga cikinsa sun kai ɗigo 11,059,200, alhali babbar talabijin ɗin nan da ake kira 4K ɗigo 8,294,400 gare ta. Ashe wanda ya jera irin waɗannan guda uku ya ɗora wa na'urarsa kayan da ya fi na 4K nauyi, ko ya sani ko bai sani ba. Wannan lissafi shi ne tushen kome, kuma a kansa za a auna sauran kayan.

Sa'an nan mai saye ya tambayi kansa, shin wasan zai shimfiɗa a kan alluna ukun, ko kuwa a na tsakiya zai yi wasa ya bar sauran domin hira da kallon bidiyo da karatu? In na biyun ne, nauyin da ya ƙaru kaɗan ne, matsakaicin kati ma ya isa. Har ila yau, ba kowane wasa ke amfana da alluna uku ba. Wasannin tuƙi da na jirgin sama su ne suka fi dacewa, irin su Euro Truck Simulator 2 na 2012, da Assetto Corsa na 2014, da Microsoft Flight Simulator na 2020. Wasan ƙwallon ƙafa da yaranmu suka fi so, wanda aka sani da FIFA kafin a sauya masa suna zuwa EA Sports FC a 2023, domin allo ɗaya aka tsara shi.

In an tsai da shawara a kan uku, lalle su zama iri ɗaya, girma ɗaya, sauri ɗaya, in ba haka ba launi da tsayin hoto za su saɓa. A nemi masu siririn baki, domin kaurin baki yana yanka hoto a mahaɗa. A kuma nemi irin da ake kira IPS, wanda launinsa ba ya dushewa in an dube shi ta gefe, tun da alluna biyu a karkace za su zauna. Kada a manta da tebur. Allo mai inci 27 faɗinsa ya kai kimanin santimita 61, uku a jere kuwa sun haura mita ɗaya da santimita 80.

KATIN HOTO

Katin hoto shi ne ke zana ɗige-ɗigen nan, saboda haka shi ya kamata ya ci kaso mafi tsoka na kuɗin. Kamfanin AMD na Amurka ne ya fito da dabarar Eyefinity a 2009, wadda ta ba kati ɗaya damar mai da alluna da dama kamar allo guda. Kamfanin Nvidia ya biyo baya a 2010 da tasa dabarar mai suna Surround, wadda da fari sai an haɗa kati biyu take aiki, har zuwa 2012 da aka fito da katin da ke iya ɗaukar alluna ukun shi kaɗai.

Wannan tarihi yana da amfani, domin har yau akan ji mai ba da shawarar a sayi ƙananan katuna biyu a haɗa. Wannan zamani ya wuce. Katunan wasa na Nvidia da suka fito daga ƙarshen 2022 ba su ma da mahaɗar da ake gama kati biyu da ita, sababbin wasanni kuma ba a tsara su domin haka. Kati ɗaya mai ƙarfi shi ne hanya.

Abu na biyu shi ne ma'adanar da ke jikin katin kansa, inda yake ajiye hotunan da yake aiki da su. Yawan ɗigo yana cika ta da sauri. Alal misali, RTX 4060 na 2023 gigabait 8 gare shi, RTX 4070 yana da 12, RX 7800 XT na AMD kuwa yana da 16, haka ma RX 9070 XT na 2025. Mai gigabait 8 ya isa allo ɗaya, amma wanda zai shimfiɗa sabon wasa a kan uku ya nemi mai 12 zuwa sama.

Abu na uku shi ne kafofin da ke bayan katin. Yawancin katunan yanzu suna da kafa uku ta DisplayPort da guda ɗaya ta HDMI, alhali alluna masu araha da yawa HDMI da tsohuwar VGA kaɗai gare su. Sai a duba bayan allo da bayan kati tun a kanti, a tabbata wayoyin za su shiga. Kuma dukan alluna ukun a jikin katin za a jona su. A ƙarshe a auna tsawon katin, domin manya sukan wuce santimita 30, kuma ba kowane akwati suke shiga ba.

SAURAN KAYAN CIKI

Yawan ɗigo katin hoto yake wahalarwa fiye da furosesa, watau ƙwaƙwalwar na'ura. Don haka matsakaiciya mai ƙwayoyi shida, irin Ryzen 5 ko Core i5, ta wadatar ga yawancin wasanni, ko da yake wasan jirgin sama yana son wadda ta fi haka. Abin lura shi ne dacewarta da babban farantin da ake dasa kome a kansa, wanda masu gyara ke kira madabod. Furosesar AMD mai mazaunin AM4 ba ta zama a kan AM5 da ya fito a 2022, ta Intel kuwa ba ta zama a kan ko ɗaya daga cikinsu.

Haka abin yake ga ma'adanar wucin gadi da ake kira RAM. Irin DDR4 ba ya shiga ramin DDR5, kuma faranti mai AM5 DDR5 kaɗai yake karɓa. Gigabait 16 shi ne mafi ƙanƙanta, 32 ya fi kwanciyar hankali, kuma sanda biyu masu girma ɗaya sun fi sanda guda sauri. Wajen ajiyar wasanni a sayi SSD, domin ya fi tsohon faifai mai juyawa sauri nesa ba kusa ba.

WUTA DA ZAFI DA ƘURA

A nan ne mai saye na ƙasar nan ya bambanta da na Turai. Akwatin da ke rarraba wuta a cikin na'ura, wanda ake kira fawa-fak, shi ne aka fi yi wa rowa, alhali in ya ƙone yana iya tafiya da katin da ya fi shi tsada sau da yawa. Araha ba ta ado. RTX 4060 wat 115 yake ja, RTX 4070 wat 200, RX 7800 XT wat 263, babban RTX 4090 kuwa wat 450, wanda kamfanin ya ce a haɗa shi da akwatin wuta mai wat 850. A tara abin da kati da furosesa ke ja, a ƙara rata mai yawa a kai, kana a nemi akwati mai tambarin 80 Plus, wanda ke nuna cewa a ƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya sha yana isa ga na'ura.

Kowa ya san halin wutar lantarki a garuruwanmu, ta ɗauke ba sallama, ta dawo da ƙarfi fiye da ƙima. Saboda haka na'urar UPS, wadda ke riƙe wuta na 'yan mintoci, tana cikin kayan da za a sa a lissafi tun farko. Sai dai a lura, lambar da aka rubuta a jikinta ba wat ba ce. Ƙaramar mai 650VA yawanci ba ta ba da abin da ya wuce wat 390, alhali na'ura mai jan wat 450 da alluna uku masu wat 30 kowanne sun kai wat 540.

Ga kuma kuɗin wuta. Wat 540 na awa huɗu kullum ya tashi kusan yunit 65 a wata. A farashin Naira 225 kowane yunit, wanda hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta yanka wa masu rukunin A cikin watan Afrilu na 2024, wannan ya kai kimanin Naira 14,600. Mai tayar da janareta kuwa ya san nasa lissafin ya fi haka.

Zafin bazara, sa'ad da ma'auni ke kai wa awo 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, yana sa kati ya rage gudu da kansa domin kada ya ƙone. Hunturu kuma yana cika fankoki da ƙura. Maganin duka biyun shi ne akwati mai raga a gaba inda iska ke shiga, da fankoki a ƙalla uku, da matatar ƙura wadda ake cirewa a kakkaɓe. Kada a ajiye na'urar a ƙasa.

KAYAN HANNU

Ana samun waɗannan kaya sababbi da na hannu a kasuwar Farm Centre ta Kano, da Banex ta Abuja, da Computer Village ta Ikeja a Legas. Sayen na hannu ba laifi ba ne, amma yana son natsuwa. A watan Satumba na 2022 kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙo shi, sai dubban katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya. Wasu lafiyarsu lau, wasu kuwa sun gaji.

Kada a yi cinikin biri a sama. A sa mai kaya ya dasa katin, a kunna wasa mai nauyi na rabin awa, a saurari ƙarar fankoki, a dubi ko hoto yana ɓarkewa, a kuma gwada kowace kafa ta baya ɗaya bayan ɗaya, tun da uku ake bukata. Bayan haka a karɓi rasit mai ɗauke da lambar katin da yawan kwanakin da aka yarda a dawo da shi. Akwatin wuta kam gara sabo.

Tsarin saye dai shi ne, a zaɓi wasa, a ƙidaya ɗigo, a ware kuɗin kati da na wuta, sa'an nan a raba sauran. In kuɗin ba su kai ba, a fara da allo ɗaya da kati mai kyau, a ƙaro biyun daga baya. Akwai ma dogon allo guda mai ɗigo 3440 da 1440, jimilla 4,953,600, wanda bai kai alluna uku nauyi ba, kuma ba shi da baki a tsakiya. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Shi kuwa ƙanen nawa ya koma tari. Ya ce wannan karon sai ya zauna da biro da takarda kafin ya taka kasuwa. Allah ya sa na baya su ɗauki darasi.